Yadda Muka Nemo wa Fadi Makaranta a Garwa

Tun ranar da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Matan da muke karatun Islamiyya tare a nan Mubi, da tsofaffin abokan aikina malaman firamare, kowacce ta gan ni sai ta ce, "Malama Asabe, yaya Garwa? Wai da gaske a can kuka bar yarinyar?" Na gaji da fara labari ana katse ni a tsakiya, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe.

Ƙanina Sani ya fi shekara ashirin a Mayo-Ulo, wani gari da ke tsallaken iyaka, yana da shagon kayan masarufi a bakin kasuwa. Matarsa Dija haifaffiyar Garwa ce. 'Yarsu ta uku ita ce Fadimatu, muna kiranta Fadi. An sha wuya wajen haihuwarta, ta daɗe ba ta yi kuka ba, kuma abin ya bar mata tabo: ƙafafunta a sandare suke, hannun damanta a lanƙwashe, magana kuma sai ta yi kokawa da kowace kalma kafin ta fito. Shekarunta tara, ba ta taɓa shiga aji ba. Yayyenta mata biyu kan tafi makaranta da safe, ita kuma a ajiye ta a tabarma a tsakar gida.

Dija ce ta kira ni a waya ƙarshen damina. Ta ce, "Yaya, kullum yaran nan suka sa kayan makaranta sai Fadi ta juya fuskarta bango. Na ce wa Sani mu kai ta Garwa a duba ko akwai inda za a karɓe ta, ya ce me za a koya mata. Amma ya ce in ke kika yarda za ki raka ni, shi ba zai hana ba. Ke malama ce, ke kika san makarantar kirki."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli. Na ce a raina, ai wannan aikina ne. Na ɗaure kaya.

Daga Mubi zuwa bakin iyaka mota ta kai mu, daga nan kuma sai mashin, domin ruwa ya cinye hanya. Ni da rabona da hawa mashin tun ina da sauran ƙarfin gwiwa. Mai mashin ɗin ya ɗaure jakata a kan tanki, ya ce in riƙe ƙarfen baya, in kuma daina salati da ƙarfi don ina ruɗa shi. Muka ratsa rafi biyu, a na biyun takalmina ɗaya ya bi ruwa. Haka na isa gaban jandarmomi, wato masu tsaron hanya na can, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Jandarman ya karɓi takarduna, ya yi mini tambaya da Faransanci. Na ce ba na ji. Ya koma Fulatanci, ni kuwa Fulatancina na cinikin nono ne kawai. Sai ya yi dariya ya ce da wata Hausa mai karkata, "Mama, ina zuwa?" Na ce Garwa, neman makaranta. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ke za ki shiga?" Abokan aikinsa suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Ya buga hatimi, ya nuna mini wata mata mai sayar da silifas a gindin bishiya. Harshe uku a bakin mutum ɗaya cikin minti ɗaya, wannan ne abin mamaki na farko da na gani, kuma daga baya na tarar a can ba a ma ɗauke shi a bakin komai ba.

Na kwana biyu a gidan Sani. Fadi ta yi girma fiye da yadda na san ta. Da ta gan ni ta buɗe baki, wuyanta ya karkace, ta fara, "Gwa... Gwa..." Na yi maza na ce, "Gwaggo ce, na'am, sannu Fadi!" na wuce ɗaki. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da nake a lokacin. Ban tsaya na ji abin da za ta ce ba.

Ranar tafiya Sani ya kai mu tasha. Ya ɗauki 'yarsa ya zaunar da ita a cinyar uwarta, aka ɗaure kekenta na guragu a saman mota. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, kar ki bari a wulaƙanta ta. In babu, ku dawo kawai." Idonsa ya yi ja.

Motar ta mutum goma sha takwas ce, amma na ƙirga kawuna har na bari. Kafin mu kai Gidar, inda ake canza mota, an ɗora buhunan gyaɗa a kan keken nan ba mu sani ba. Da aka sauke shi, ƙafar hagu ta lotse, in an tura sai ya riƙa zagaye wuri ɗaya. Dija ta zauna a bakin kwata ta rufe fuska da mayafi. Wani dattijo mai gyaran kekuna a gefen tasha ya taso da kansa, ya ja keken zuwa rumfarsa. Ya kwance ƙafar, ya taka ta, ya ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce a zaunar da yarinyar, ya durƙusa a gabanta ya tambaye ta da Fulatanci ko daidai ne. Dija za ta amsa, ya ɗaga mata hannu. Fadi ta yi ta fama, can ta ce kalma ɗaya. Dattijon ya ce, "Ta ce yana ja dama. Gaskiyarta." Ya sake kwancewa. Ni ina tsaye ina ta duban rana, ina jin haushin ɓata lokaci.

Mun shiga Garwa bayan la'asar. Jama'a, na ga mashina! Sun fi kiyashi, kuma har mata na gani suna tuƙa nasu, wata da mayafinta da jakar ofis a kafaɗa. Tituna masu faɗi, darbejiya jere gefe da gefe, zafi kuwa kamar an buɗe murhu, Mubi sanyi ce a kansa.

Masaukinmu a unguwar Pumpumre ne, gidan gwaggon Dija, Hajiya Kande. Kakanta Bakano ne da ya zo fataucin goro ya zauna. Ita tana sayar da atamfa da turare a cikin gida, kuma ba ta taɓa taka Kano ba, amma Hausarta irin ta tsofaffin da ce, tana sirka ta da Fulatanci da Faransanci ba tare da ta lura ba. Doguwa ce, mai murya, in ta yi kira daga ɗaki har zaure ake amsawa. Ta karɓe mu da tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi. Da safe kuma aka kawo wani burodi dogo kamar sanda, mai tauri a waje. Na ɗauka ya kwana ne, na ce a mayar a kawo sabo. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malama, yanzu ya fito daga wuta. Naku na Nijeriya ai katifa ne." Aka tsaga shi aka zuba wake da mai a ciki. Kafin in bar garin, ni ke fara tambayarsa.

Game da Fadi, Hajiya ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce, "Baiwar Allah irin wannan me ya haɗa ta da lakwal?" Lakwal suke ce wa makarantar boko. "Ku bar ta nan, in sa malamina ya yi mata rubutu." Dija ta ce, "Hajiya, an yi rubutun, ana kuma yi. Wannan daban ne." Hajiya ta taɓe baki, amma ita ce ta ba mu sunayen makarantu uku, ta kuma sa aka samo mana motar haya, tunda keken ba ya hawa mashin.

Makaranta ta farko ta kuɗi ce, bene hawa biyu, fenti fari da shuɗi, furanni a bakin ƙofa. Ban taɓa koyarwa a wuri mai kyanta ba. Matakala bakwai ce kafin ofis, ni da Dija muka ɗaga keken muna nishi. Shugabar makarantar mace ce mai fara'a, ta ba mu ruwan sanyi, ta shafa kan Fadi. Dija ta yi firamare a Garwa, tana jin Faransanci, ita ke fassara mini. Matar ta ce tana tausaya mana ƙwarai. Ta ce amma malamanta ba su da horon irin wannan, azuzuwan kuma a sama suke, sauran yara za su shagala da kallo, iyaye za su yi ƙorafi. Ta ce, "Mafi alheri gare ta a kula da ita a gida."

Dija na fassarawa, sai na ga ai na san maganar nan. Tawa ce. Lokacin da nake shugabar wata firamare, wani manomi ya taɓa goyo ɗansa a baya ya kawo mini, na ba shi ruwa, na faɗa masa wannan magana kusan kalma da kalma, na kuma ji a raina na yi masa kirki. Ban san inda yaron yake ba yanzu. Ko sunansa ban tambaya ba. Muka sauko da keken daga matakalar nan bakwai, muka koma gida.

Washegari muka je ta biyu. Wannan cibiya ce ta yara masu lalura, a wani gida mai tsabta da inuwa, babu matakala ko ɗaya. Yara kamar ashirin, mata huɗu ke kula da su. Wallahi matan nan sai dai a yi musu addu'a. Na ga ɗaya tana ba wani yaro kunu cokali-cokali, yana furzarwa tana gogewa tana yi masa waƙa. Akwai tabarmi masu laushi, akwai mai zuwa sau biyu a mako yana miƙar musu da gaɓoɓi, akwai banɗaki mai ƙarfen riƙewa. Suka karɓi Fadi da tafi, suka ba ta ƙwallo ja. Na tambayi babbarsu ko ana koyar da karatu. Ta ce ana koya musu launuka, da waƙa, da wanke hannu. Ta ce, "Yawancinsu iyakar abin da za su iya ke nan, Madam, kuma ba mu da malamin aji."

Da muka fito Dija ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Yaya, mun samu." Na ce, "Mun samu." Har cikin raina na faɗa. Fadi tana riƙe da gefen kekenta, ba wanda ya tambaye ta.

Da yamma Hajiya ta ce ba za a ce na zo Garwa ban ga Binuwai ba. Muka je bakin gada. Na sha ganin kogin nan a Yola, amma ban taɓa ganin dorina da idona ba sai ranar. Wani masunci ya nuna mana wasu duwatsu biyu a tsakiyar ruwa, sai dutse ɗaya ya buɗe baki, faɗinsa ya isa ƙofar ɗaki. Na yi baya ina "Innalillahi", mata kuwa suna can gefe suna wankinsu ko a jikinsu. Fadi ta yi dariya har ta sarƙe. Muka ci gasasshen kifi da wani abu na rogo da ake naɗewa a ganye, mai danƙo da tsami. Hajiya ta ce na mutanen kudu ne. Na ci rabi don kunya.

Ta ukun ba mu yi niyyar zuwa ba. Ta gwamnati ce, a bayan unguwar, ana iya tura keke a kai. Hajiya ce ta matsa. Ta ce, "Ku dai je ku ga Mushe Buba." Na ce, "Mushe kuma?" Ta ce haka suke kiran malamin lakwal. Na ce a garinmu in ka kira malami mushe sai an raba ku. Ta ce, "To, wannan mushen makaho ne, kuma yara saba'in yake koyarwa. Ni ban yarda ba sai da jikar maƙwabciyata ta rantse mini."

Makarantar irin wadda na sani ce: fili babu ciyawa, tagogi babu murfi, rufin kwano ya yi tsatsa. Sai dai a gaban kowane aji an zuba siminti an yi gangara maimakon matakala, aikin ba kyau amma keke na hawa. Shugaban makarantar, wani gajeren mutum mai gumi, ya ce gwamnati ta sa makarantarsu cikin waɗanda ke haɗa yara masu lalura da sauran yara, akwai kurame biyu da wani mai sanduna. Ya ce mu leƙa aji uku, ajin Mushe Buba, mu gani, sannan mu yi magana.

Muka tsaya a bakin ƙofa. Yara sun cika benci, huɗu-huɗu, wasu a ƙasa. A gaba ga wani siririn mutum da baƙin tabarau da farar riga, ba bulala a hannunsa, sai wata takarda mai kauri da yake shafawa da yatsu. Yana tafiya tsakanin layuka bai taɓa cin karo da benci ba. Can ya tsaya ya kira sunan wata yarinya a layin baya, ya ce ta fito da abin da take ci. Yarinyar ta fito da gyaɗa. Ni mai ido biyu na yi shekaru ana cin gyaɗa a ajina ban kama ba.

Lissafi suke yi da ka. Yana jefa tambaya, yana kiran suna. Ya ce bakwai sau takwas. Wanda ya kira ya yi shiru. Ya kira wata, ta faɗi ba daidai ba. Aji ya yi tsit. Sai na ji wani sauti a gefena, irin gurnanin da Fadi kan yi in za ta yi magana. Dija ta sunkuya da sauri za ta rufe mata baki. Yaran da ke kusa da ƙofa suka juyo, wasu suka fara ƙyalƙyala.

Malamin ya buga tafi sau ɗaya, dariyar ta ɗauke. Ya juyo da kunnensa wajenmu ya yi magana. Dija ta raɗa mini, "Ya ce wani yana ba da amsa, a saurara."

Aka saurara. Ban san tsawon lokacin ba, amma a gare ni ya yi kamar a tafasa ruwa. Wuyan Fadi ya karkace, hannunta ya ƙanƙame, yawu ya zubo a gefen bakinta. Yara saba'in suna kallonta. Ni na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa yana tsaye bai motsa ba, kansa a sunkuye kaɗan. Kalmar farko ta fito. Ya jira. Ta biyu ta fito.

Ya ce, "Hamsin da shida. Daidai." Da Faransanci ta faɗa.

Dija ta dafe bango. Malamin ya tako har bakin ƙofa, ya tambayi sunan mai amsar, da ya ji muna Hausa sai ya juya harshe. Ya ce, "Fadimatu, tara sau shida fa?" Ta ba shi. Ya ce, "A wace makaranta kike?" Ta ce, a hankali, "Ta... bar... ma." Shi ya fara ganewa kafin mu, ya yi dariya sosai. Ashe duk shekarun nan da yayyenta ke haddar darasi da ƙarfi a tsakar gida, tana kwance a gefe tana kwashewa. Ya sa aka rubuta kalmomi a allo da manyan baƙaƙe, ta karanta huɗu cikin shida. Uwar da ta haife ta ba ta sani ba. Ni da aka ɗauko daga wata ƙasa don na san makaranta, na kwana biyar tare da ita ban sani ba.

Da aka fita hutun tara muka zauna da shi a ƙarƙashin bishiya. Na ce, "Malam, yaya aka yi kake gane maganarta? Mu danginta sai mun yi da gaske."

Ya ce, "Hajiya, ku kuna kallon bakinta ne, tausayi ya kama ku, ku ƙarasa mata. Ni ba na ganin bakin. Dole in jira."

Ya gaya mana ƙyanda ce ta makantar da shi yana shekara shida. Ya nuna mana allonsa na ƙarfe da ɗan tsinken da yake huda takarda da shi, ya kama yatsan Fadi na hagu ya ɗora a kan ƙurajen rubutun makafin, ya ce wannan sunansa ne. Ya ce hannun hagunta zai iya riƙe fensir in an naɗa masa tsumma ya yi kauri, in ma bai iya ba, za a nemi izini ta riƙa amsa jarrabawa da baki.

Sannan ya ce, "Amma kar in ruɗe ku. Yaran nan za su yi mata dariya, sati biyu ko uku, ni ma sun yi mini. Banɗakinmu rami ne, kuma da tudu a ƙofarsa, kekenta ba zai shiga ba. Ba mu da mai ɗaukarta. Sai an samu mace daga gida tana zuwa kullum da tara. Ni karatu kawai zan iya ba ta. In kuna son inda za a lallaɓa ta, ba nan ba ne."

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gidan Hajiya, muka yi ta. Dija ta ce ita har yanzu cibiyar ce a ranta. Ta ce, "Kin ga yadda suka yi mata dariya? Shekara tara ina tare ta daga wannan." Ni ma, in faɗi gaskiya, bayanta na bi. Na san abin da yara saba'in ke iya yi in malami ya juya baya, balle malamin da ba ya gani. Ga kuma maganar zuwa kullum: ke nan sai Dija ta bar gidanta da mijinta da sauran 'ya'yanta a Mayo-Ulo ta tare a Garwa. A cibiyar kuwa Hajiya za ta iya sa a kai ta a ɗauko ta.

Hajiya tana jin mu tana auna turare. Can ta ce, "Ku dai kuna da abin mamaki. Makaho ya tambayi yarinya ta ba shi amsa, ku masu ido kun zauna kuna yanke mata hukunci tana gefenku. Ke Fadi, ina kike so?"

Muka juya. Na kama bakina da hannu, da gaske na kama shi, don kar in ƙarasa mata. Ta daɗe. Ta ce, "Can... an ba ni... ƙwallo." Ta huta. "Nan... an... tambaye ni."

Dija ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana kuka, sannan muka ji tana waya. Ta fito ta miƙa mini, ta ce Sani ne. Ya ce, "Yaya, wai da gaske ta yi lissafi a gaban mutane?" Na ce da kunnena na ji. Sai ya ce, "Sa mata wayar a kunne." Ban san abin da ya tambaye ta ba, na dai ga tana fama da amsa, shi kuma bai katse ta ba. Aka dawo mini da wayar. Ya ce Dija ta zauna, wata innar yaran da ke Mayo-Ulo za ta riƙe manyan, shi zai riƙa zuwa duk bayan mako biyu.

Hajiya Kande kuwa, wadda ta ce me ya haɗa baiwar Allah da lakwal, washegari da sassafe ta aika a kira maginin da ke mata gyaran gida. Ta sa mayafi ta tafi makarantar da kanta, ta sami shugaban, ta ce a nuna mata banɗakin. Kafin azahar an fasa tudun an zuba gangara, an kafa ƙarfen riƙewa. Ta kuma kwashe atamfofinta daga ɗakin da ke kusa da ƙofa ta ba Dija. Da na yi mata godiya ta ce, "Malama, bar godiyar nan. Ni dai kar a ce jinina ya shiga lakwal ya rasa wurin fitsari."

Na ƙara kwana tara don in ga yadda za ta kaya. Kwanakin farko ba daɗi. Ranar farko ta dawo an saka mata sunan tsokana. Rana ta uku wata ta kwaikwayi maganarta a fili, ta dawo ta ƙi cin abinci, Dija ta ce gobe ba za ta koma ba. Da gari ya waye Fadi ta riga kowa tashi, ta ja jiki har inda rigar makarantarta take rataye ta zauna a ƙarƙashinta. Aka sa mata aka tafi.

Ranar da zan taho, na ce sai na bi ta makarantar na yi musu sallama. Ni da Dija muka je kafin tara, muka laɓe a gefen taga. An sa kekenta a ƙarshen bencin gaba, fensir mai naɗin tsumma a hannun hagunta. Mushe Buba yana karanta musu wani abu daga takardarsa. Fadi ta karkata wajen yarinyar da ke kusa da ita, tana faɗa mata wata magana a hankali, yarinyar ta kasa kunne, can ta toshe baki tana dariya. Malamin ya tsaya cak. Ya kira sunan Fadi da kakkausar murya, ya yi faɗa mai tsawo. Fadi ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Dija, me ta yi? Me yake cewa?"

Dija ta juyo, hawaye na bin fuskarta, tana dariya ba sauti. Ta ce, "Yaya, cewa ya yi ta cika surutu. In ta ƙara, ba za ta fita tara ba."

Na ɗauki jakata na nufi tasha. Har muka wuce garin Pitowa ina share ido, matar da ke kusa da ni a mota ta dafa ni ta tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce mata a'a, 'yar ƙanina ce aka yi wa faɗa a makaranta.